Gadalin Malamin Gona

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai zo ya kwashe mani komai a ka, da ranar da na durƙusa a zauren surukina a Daudawa ina tauna saiwar fure, dattawan unguwa sun zuba mani ido. Na ɗan zaga duniya daidai gwargwado, kuma kusan duk ƙasar da na je sai na bar masu abin dariya (akwai inda na tuɓe takalmi a ƙofar lif don ladabi, ta haura da ni sama ta bar takalman a ƙasa), amma in aka haɗa su duka ba su kai rabin wannan ba.

Lokacin nan ne da kuɗin mai suka fara zubowa, kowa yana ganin kamar ba za su ƙare ba. Ina malamin gona a Faskari, aikina bin manoman auduga ina yi masu surutun feshi da tazarar shuka. Gwamnati kuwa tana tura mutane kwas ƙasashen waje kamar rabon goron suna. Rannan sai rabon ya faɗo kaina, aka ce Kenya.

Da kun ga yadda na dawo! Wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa yana share mani hanya, takalmi mai tudu, suma tuli guda, ga rediyo mai kaset a kafaɗa. Na sayi sabon babur na ɗora a kai. Inna, mahaifiyata, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Can ɗin babu wanzamai ne?"

Amma abin da na fi ji da shi cikin kayana ba rediyon ba ne. Wata saiwa ce da na naɗo cikin safa.

Gidan da muka sauka a can na wata dattijuwa ne, a wani gari mai sanyi kan tudu. Tun daga ƙofar gida har bakin ɗaki ta jera wani tsiro, ganyensa dogaye kamar na albasa amma masu faɗi, sun kwanto gefe da gefe. Daga tsakiya sai kara guda ya miƙe har ƙugun mutum, a kansa dunƙulen furanni kamar ƙwallo, shuɗi irin na sama in ruwa ya ɗauke da la'asar. Ni da na tashi ban san ana shuka abu don kallo ba, sai ga ni ina makara zuwa aji saboda tsayawa gabansa. Ta ce sunansa agafantus. Ranar da zan taho ta sa wuƙa ta ɓantaro mani guda, saiwoyinsa farare masu kauri kamar yatsu, ta yi mani bayani. Ta ce a sa shi a tukunyar da za ta matse shi, ba ya son sakewa. Ya sha hantsi, ya sha ruwa, amma kada ruwan ya kwanta mashi. Ɗan garin ƙashi kaɗan in damina ta kusa. Kada a dami saiwarsa, in an dame ta fushi yake ya ƙi fure. Ta kuma faɗi wani abu na ƙarshe, ni kuwa hankalina yana kan motar da za ta kai mu filin jirgi, direba yana ta danna oda. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

To, akwai Rabi. 'Yar Baba Malam ce na Daudawa, malamin da duk yankin ake kai wa fatawa, mutumin kirki amma mai saurin hawa. Manya sun riga sun shiga maganarmu, an kai gaisuwa, ana jiran ta gama makarantar horon malamai a sa rana. Zuwana zance na farko bayan na dawo, na zaro safar na nuna mata.

Ta leƙa ta ce, "Yallaɓai, wasu in sun je ƙetare agogo suke kawowa. Ni albasa aka kawo mani, a safa kuma. An dai wanke safar?"

(Agogon ma na kawo, kada ku ɗauke ni marowaci.)

Na ce, "Yi dariyarki. Kafin a ɗaura mana aure zai yi fure, ni da kaina zan kawo maki shi har gida, ki ga abin da ko a Kaduna ba su da shi."

Ta ce, "Allah Ya nuna mana."

Na sami tukunyar ƙasa na huda gindinta, na cika da ƙasa da yashi, na girke ta gabas da ɗakina inda hantsi ke fara sauka. Har nan ban yi laifi ba. Inda na kauce hanya wajen ƙashi ne. Matar nan kaɗan ta ce. Ni kuwa, da takardar shaidar kwas rataye a bango, na ce in kaɗan yana da amfani ai da yawa ya fi. Na kuma tuna a aji an ce busasshen jini taki ne. Sai ga ni duk ranar kasuwa a mahauta, da wandona mai shara, ina cewa Sarkin Fawa ya tara mani ƙashi, ya tara mani jini a gwangwani. In na dawo in ƙona ƙashin a bayan gida, in daka, in barbaɗa.

Gara ta fara leƙowa, na zagaye tukunyar da toka, zagaye mai kyau, don ni mutum ne mai son tsari. Da bazara ta yi tsanani na ga bakin ganyen yana ƙonewa, sai na sayo farin alawayyo na kafa sanduna na yi mashi rumfa (alawayyo fa, kun dai san ranar da aka fi nemansa). Rannan kuma na tarar matar yayana za ta watsa mashi ruwan wanke-wanke mai sabulu, na daka tsawa na ce daga yau kada macen da ta ƙara zuba mashi ruwa a gidan nan. Sabulun nake nufi. Ban dai ambaci sabulun ba.

Sannan ga magana. In na dawo masallacin asuba sai in tsuguna gabansa da buta, ina zuba ruwa ina lallashi: "Haba ɗan Kenya, ka rufa mani asiri. Don Rabi fa nake yi. Rabi kawai." Darnin gidanmu kuwa na kara ne, ko tari ka yi sai maƙwabta sun ce sannu.

Ku 'yan birni na yanzu wataƙila ba ku san gadali ba. Wani tsiro ne mai ganye kamar na albasa da wasu ke dasawa a tukunya a lungun gida don asiri: na farin jini, na kasuwa, na mallake zuciyar wani. An ce ana ba shi jini, ana yi mashi magana, yana da dokokinsa. To ku waiwaya ku dubi abin da nake yi. Duk Faskari ta gama fahimta, ni kaɗai ne ban sani ba.

Wanda ya tabbatar wa gari da zancen, ba tare da ya yi niyya ba, shi ne Baba Nomau, wani dattijon Bamaguje daga Pauwa, abokin marigayi mahaifina tun suna samari. In ya shigo cin kasuwa yakan biyo ya gaida Inna. Ya ga rumfar, ya ɗaga alawayyon da bakin sandarsa, ya daɗe yana kallo.

"Ɗan boko, ina ka samo wanga?"

"Daga ƙetare, Baba. Cikin jirgin sama ya zo."

"Mi kake ba shi?"

"Ƙashi da jini."

Ya gyaɗa kai. "Namiji ne ko mace?"

Na yi dariya na ce ban duba ba. Shi bai yi dariya ba. Ya saki alawayyon a hankali, ya ce shi dai ya ga iri-iri tun yana yaro, bai taɓa ganin mai faɗin ganyen wanga ba, kuma abin da ya hau jirgi ya sauka da ransa ba a yi mashi wasa. Na ji daɗi ƙwarai. Na ce a raina, ga dattijo mai sanin darajar fure. Har bakin hanya na raka shi.

Daga nan sai na ga garin ya canza mani. Manoman da ke musu da ni kan feshi suka koma "yadda ka ce, Malam." Mai shayi ya daina bari in jira. Tsofaffin mata suka yawaita zuwa gaida Inna, daidai lokacin da zan fita aiki, su shige ɗaki ana ƙus-ƙus. Ni duk na ɗauka Kenya ce da wandon. Har wani taku na ƙara.

Shi kuwa ɗan Kenya ganye kawai yake zubawa, kore shar, masu ƙiba kamar ragon layya. Damina ta farko ta wuce, ba kara ba fure. Lokaci-lokaci in ga ƙasar tukunyar kamar an tona an mayar. In na tambaya Inna ta ce, "Kaji ne." Na ce kajin gidan nan akwai ladabi, su tona, su mayar, su daddaɓe. Ta ce, "Tau, ka tambaye su mana."

Damina ta biyu ta yi tsakiya, gero ya fara ciki. Rabi ta gama makaranta, ana maganar sa rana bayan kaka. Na je zance da la'asar, na tarar fuskar nan da kullum ke tsokanata a ɗaure.

Ta ce, "Baba ya ji."

"Ya ji me?"

"Tukunyar. Da jinin. Da sunana da ake kira kullum da asuba. Ya ce jibi ka zo da ita, kai da Baffanka. In gadali ne kamar yadda ake faɗa, shi ba ya haɗa zuri'a da mai shirka, za a mayar maku da kayanku."

Sai a lokacin komai ya rufto mani a ka: alawayyon, tokar, Sarkin Fawa, tambayar Baba Nomau, har mai shayi. Na buɗe baki zan yi dariya, sai na ga idonta ya kawo ruwa.

Ta ce, "Ni ba faɗan Baba ne ya dame ni ba. Tun da na ji nake tambayar kaina, son nan da nake maka, nawa ne ko na tukunya?"

Wallahi wannan tambayar ta fi kiran Baba Malam tayar mani da hankali. Na yi rantsuwa, na yi bayani. Ta ce in adana bayanin sai jibi.

Ranar ta zo. Baffa, ƙanen mahaifina kuma wakilina a maganar auren, ya ce shi motar kasuwa zai bi, ba ya hawa babur ɗaya da abin nan. (Ka ji fa, Baffana.) Na ɗaure tukunyar a bayan babur da roba, kuma don kada iska ta kakkarya ganyen sai na lulluɓe ta da alawayyon nan. Haka na ratsa gari. Mata masu dawowa daga gona suna hango ni suna sauka gefen hanya. An yi ruwa da safe, hanya duk caɓi, kafin in kai Daudawa wandon nan ya kwashi laka har gwiwa, ya yi nauyi kamar buhun taki.

Zaure cike da dattawa. Na tuɓe takalmina mai tudu, na shiga rungume da tukunya, na durƙusa. Wanda ke kusa da ƙofa ya matsa, ya ƙara matsawa.

Baba Malam ya ce, "Buɗe."

Na yaye. Ya sunkuyo ya duba ta saman tabarau, ya ce, "Ganyen nan kamar na san shi." Ya kaɗa kai. "Tau, muna jin ka. Mi ne ne wanga?"

Na gyara murya. Ai nan ne fagena. Na kawo Kenya, na kawo tudu da sanyi, na kawo amfanin ƙashi ga saiwa, na bi ta kan gara da toka, na sauka kan sabulu. Suka bar ni har na gaji don kaina.

"Ana cin shi?" in ji Baba Malam.

"A'a, Baba."

"Magani ne? Na shawara ko na basir?"

"A'a."

"Dabba na ci?"

"Ba ta ci."

"Tau mi ake yi da shi?"

"Kallo, Baba. Fure yake yi, a kalla."

Wani dattijo mai dogon carbi a kusurwa ya ce, "Ina furen?"

"Bai yi ba tukuna, Baba."

"Tun yaushe?"

"Damina biyu ke nan."

"Wato kai, malamin gona guda, kana ƙona ƙashi, kana ɗibar jini a mahauta, kana sayen likkafani, kana sammako, duk don ka kalli abin da babu?" Ya juya wajen Baba Malam. "Malam, ni dai gadalin ya fi kama mani hankali."

Aka yi ta gyaɗa kai. Baffa ya sunkuyar da nasa. Nan na gane gaskiyata ta fi ƙaryar da aka yi mani wuyar yarda.

Mai carbi ya ƙara da cewa, "Abu ne mai sauƙi ai. Mai gadali ba ya sa gadalinsa a baki. In ya ci, kansa abin yake komawa." (Har yau ban san inda ya samo wannan ba. Ina zargin nan take ya ƙirƙira.)

Kun san dai yadda muke da surukai. Tun da na fara neman Rabi ko ruwa ban taɓa kurɓa a gaban Baba Malam ba. In an kawo fura sai in ce na ƙoshi, ko da cikina yana kiran sunana. Amma na tuna idon Rabi. Na kifar da tukunyar a tsakar zaure, ƙasa da garin ƙashi suka watse kan tabarmar baƙi. Na ga saiwar duk gefe-gefenta an yanyanke, yankan wuƙa mai kyau, ba aikin kaji ba. Ba ni da lokacin wannan. Na ɓalli guda mai kauri, na goge a riga, na yi bismilla, na gatsa.

Da farko yauƙi ne kawai, kamar ɗanyar kuɓewa. Na tauna da ƙarfi don kowa ya ji, har ina murmushi ina bin fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Sai na ji kamar an watsa mani ƙaiƙayi a harshe, sannan kamar an bi da allurai. A daidai nan maganar ƙarshe ta dattijuwar Kenya ta dawo mani tsaf, kamar tana tsaye a kaina: in ka taɓa saiwar ka wanke hannu, ruwanta yana ƙuna, kada ya kusanci baki.

Na so in ce, "Kun gani, ba komai." Abin da ya fito ban san yarensa ba. Leɓe ya yi nauyi, yawu ya ɓalle ta gefe biyu yana sauka kan rigata, hawaye suna bin sa, hanci ma ya ce ba za a bar shi baya ba. Tofarwa ba dama, a zauren suruki? Haɗiyewa kuma ba dama. Na tsaya a durƙushe, kumatu cike, ina kallon mutumin da nake roƙo ya ba ni 'yarsa.

Mai carbi ya ja da baya ya ce, "Ya koma kansa!"

Baba Malam ya miƙe. "Kai, ku fidda shi ya kurkure baki, kada ya mutu mani a zaure! Ga butata nan baya."

Baffa ya ja ni ta ƙofar ciki zuwa ɗan filin da ke tsakanin zaure da shigifa, inda Baba Malam ke alwala kan wani dutse. Na tsuguna na tofar, na kurkure, na sake kurkurewa. Da na ɗago kai, ido duk ruwa, sai na ga wani abu shuɗi yana lilo a gabana. Na ɗauka abin ne ya hau mani kai. Na goge ido.

Wata tsohuwar tukunya ce fasasshiya a gindin dutsen, ta yi wa abin da ke cikinta kaɗan har saiwoyi sun leƙo ta tsagar. Ganye sun kwanto gefe da gefe. Kara guda ya miƙe har ƙugu. A kansa ƙwallon nan, shuɗi, a buɗe, ruwan safe bai gama bushewa a jikinsa ba. Agafantus, a Daudawa! Na manta da bakina, na manta da lakar wandona. Damina biyu ina mafarkin abin nan, ga shi ya fi na mafarkin kyau.

Na miƙe ina nunawa ina ihu. Ihun dai "Mmm! Mmm!" ne. Dattawa suka fito da sauri, sun ɗauka raina ke fita.

Baba Malam ya ce, "Mi yake nunawa? Wanga? Ai shukar Hajiya ce. Ita ta aje ta nan tun bara, ruwan alwalata ke sauka kai. Kwanan nan ta fiddo wanga abu, kullum in na gani sai na ce tabarakallah."

Baffa, Allah Ya jiƙansa, ya ƙura wa ganyen ido. Ya koma zaure ya tsinko ganye ɗaya daga nawa, ya zo ya kara da na tukunyar Hajiya. Nawa ya fi ƙiba, shi ke nan bambancin.

Na ga gemun Baba Malam ya motsa. Ya juya wajen shigifa ya ɗaga murya. "Hajiya!"

Daga bayan katanga matarsa, mahaifiyar Rabi, ta ce, "Na'am, Malam." Da jin saurin amsawar, ta daɗe a wurin.

"Abin nan da nake alwala a kai, ina kika samo shi?"

"Innar yaron ce ta yanko mani."

"Don mi?"

Ta ce, "An ce yana sanyaya zuciyar maigida."

"Inna lillahi! Ni? A gidana? Da ruwan alwalata?"

"Tau, kun ji irinta," in ji Hajiya. "Malam, damina biyu kana shayar da shi da hannunka, salla biyar ba fashi. Ko jiya sai da ka tada gidan nan kan gishirin miya. In wannan gadali ne, ni dai ban ga aikinsa ba. Ku ƙyale yaron mutane ya je ya nemi maganin bakinsa."

Mai carbi ne ya fara, wata irin dariya ta hanci da ya yi ƙoƙarin mayarwa tari. Sai Baffa. Sai kowa. Baba Malam ya yi ta maza, ya ɗaure fuska, ya ce Hajiya ta yi istigfari don niyyar ba ta da kyau ko da abin ganye ne kawai. Ta ce ta yi tun bara. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya zauna kan dutsen alwalar, ya cire tabarau yana share hawaye da bakin rawani. Can cikin gida kuma na jiyo wata dariya da na sani, wadda tun shekaranjiya nake tsoron ba zan ƙara ji ba.

Da ya nutsu ya dube ni, leɓena ya kumbura kamar ƙosai. Ya ce, "Samari, boka dai kai ba boka ba ne. Abin da ke damunka wauta ce, ita kuma ba ta hana aure, da tana hanawa da rabinmu nan gwauraye ne. A sa rana bayan kaka. Amma in ka kai ta gida ka ba ta tuwo da miya kamar kowa. Ban da ƙashi, ban da jini, ban da alawayyo."

Na yunƙura zan yi godiya. Baffa ya ce, "Rufe bakin nan, ni zan yi."

Aka miƙo ƙwaryar nono ta kan katanga don in sanyaya baki. Hannun da ya miƙo na san shi, agogona ne a jiki. Murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Yallaɓai, ka ce kai za ka kawo mani fure har gida. Ga shi Baba ya riga ka." Na karɓi ƙwaryar. Kafin hannun ya koma ta ƙara, "Na sami amsar tambayata. Nawa ne. Babu tukunyar da za ta sa a so mutum da wannan leɓen."

Na shanye nonon nan tas, a tsaye, gaban Baba Malam. Kunya ai ta riga ta gama abin da za ta yi mani.

Na yi kwanaki ina shan kunu ta gefen baki. Da harshe ya dawo na tsare Inna da maganar kajin nan masu wuƙa. Ko gezau. Ta ce, "Mutum ya taso har gida ya roƙe ka abu, ka ce babu? Ai na ga yana da yawa." Na ce su wa da wa? Ta fara: matar wane a Ƙanƙara, wance a Sabuwa, wata amarya ma an kai ta Damari da nata cikin kayan ɗaki. Na ce ta bari haka.

"Inna, ke ma kin yarda gadali ne?"

"Ni ban ce ba. Na dai ga yarinya mai hankali tana son ka da wannan sumar, na ce lalle akwai wani abu."

Nawa ɗan Kenyan bai mutu ba, duk da kifarwa da cizon da ya sha. Da Rabi ta tare ta mayar da alawayyon matacin koko, ta hana ni mahauta sai in nama zan sayo, ta matse shi a wata 'yar tukunya kusa da inda take alwala, ta ce duk wanda ya ƙara tona shi, kaza ko mutum, zai gamu da ita. Wata damina ta zagayo ya yi shiru, yana huce fushi. Wadda ta biyo baya kuwa, wata safiya na fito na ga kara ya miƙe. Ban ce mashi uffan ba. Na dai dubi darni, na dube shi, na yi mashi murmushi.

Baba Malam kuwa har ya bar duniya bai bar ni ba. Duk sanda na je gaisuwa aka kawo abinci, sauran surukai suna noƙewa suna cewa sun ƙoshi, sai ya tura akushin gabana ya ce, "A ba wanga, shi ba ya kunyar ci gabana."

Tun daga nan, in zan yi abin da maƙwabta ba su saba gani ba, nakan yi masu bayani da wuri, don in ban yi ba su za su yi mani, kuma nasu ya fi nawa daɗin ji. In kuma tsohuwa ta tsayar da ni tana faɗa mani yadda ake abu, sai na ji na ƙarshen nake motsawa, ko da motar za ta tafi ta bar ni.